Daga New Bell zuwa Kribi da Bonanjo: Matsayin Tafiyar Kallo a Addini

Bahaushe ya daɗe da sanin hanya, amma a mafi yawan tarihinsa ba ya ɗaure kaya sai da dalilin da zai iya faɗa a gaban mahaifinsa ko malaminsa ba tare da ya sunkuyar da kai ba, ko dai fatauci, ko neman ilimi, ko cin rani, ko ziyarar dangi da shehunai, ko kuwa aikin hajji, wanda a da yakan ci wa mutum shekaru a hanyar Cadi da Sudan kafin ya hango Jidda. Fatauci ne musamman ya gangaro da Hausawa daga Kano da Katsina da Zazzau, ta ƙasar Adamawa, ta Ngaundere da Banyo da Tibati, har suka iso bakin kogin Wuri, inda zuriyarsu take zaune yau a New Bell da sauran unguwannin Hausawa na Duwala, cibiyar kasuwancin Kamaru, wasu suna sayar da yadi a Kasuwar Kwango, wasu suna fawa da tsire, wasu kuma suna dillancin shanu da albasa daga arewa. Kakannin waɗannan mutane sun ga teku, sai dai neman riba ne ya kawo su gabanta. Abin da yake sabo shi ne tafiyar da ba ta da wata manufa sai kallo, wadda ake kira yawon buɗe ido, inda iyali ko ƙungiyar samari za su haɗa kuɗi bayan Sallah ko a hutun ƙarshen shekara, su ɗauki shatar mota zuwa garin Kribi da ke bakin teku, su yini a bakin ruwa, su dawo ba su saro haja ba, ba su gaida wani malami ba, sai hotuna fal a waya.

Dattijon da ya tarbi masu dawowa daga irin wannan tafiya da tambayar abin da suka je yi, ana iya ɗaukar maganarsa a matsayin ƙorafin tsufa, amma tambayar tana da tushe a fiƙihu, kuma ta fi zurfin yadda masu amsa ta da dariya suke zato, domin a ƙarƙashinta akwai wata mas'ala da malamai suka daɗe suna jayayya a kanta: shin ganin wuri, shi kaɗai, manufa ce ingantacciya da za a kashe mata dukiya da kwanaki, ko kuwa sai an rataya masa wani dalili kafin ya samu gindin zama.

Wurin da wannan mas'ala ta fi fitowa fili a littattafan fiƙihu shi ne babin ƙasaru, wato rage sallar mai raka'a huɗu zuwa biyu saboda tafiya, domin a nan ne shari'a take tilasta wa malami ya auna tafiyar kafin ya ba ta rangwame. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce tushen karatun zaure a New Bell kamar yadda take a Kano da Maradi, nisan da ke halatta ƙasaru shi ne buridi huɗu, wato mil 48, wanda malaman zamani suke ƙiyastawa da kusan kilomita 80. Daga Duwala zuwa Limbe, garin baƙin yashi da ke gindin Dutsen Kamaru, kimanin kilomita 70 ne, saboda haka bisa wannan ƙiyasi maganar ba ta taso ba. Amma daga Duwala zuwa Kribi ta hanyar Edeya, inda ake haye kogin Sanaga, ana cin kimanin kilomita 170, nisan da ya ninka abin da ake buƙata. Sai dai Shehu Halilu ɗan Ishaƙ, malamin Misra na ƙarni na 14, a cikin Muktasar ɗinsa da ɗalibi ba ya kai wa gare shi sai ya wuce Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, ya cire mutum biyu daga sunnar ƙasaru ko da sun cika nisan, wato wanda tafiyarsa kanta saɓo ce, kamar mai zuwa tare hanya, da kuma wanda tafiyarsa lahawu ce, ma'ana wasa da shagala da ba su da wani amfani na duniya ko na lahira. Masu sharhi suka ce ƙasaru haramun ne ga na farko, makaruhi ne ga na biyu, kuma misalin da suka fi kawowa na lahawu shi ne mai fita farauta don nishaɗi kawai, ba don cin nama ko sayar da shi ba. Ke nan motar da ta tsaya a Edeya lokacin azahar tana ɗauke da tambayar da ba direba ne zai amsa ta ba, ita ce ko fasinjojinta matafiya ne ko masu shagala.

Sauran mazhabobi sun rabu a kan wannan ta yadda zai nuna cewa sun fahimci nauyin abin. Hanafawa sun rataya rangwamen ga tafiyar kanta, ba ruwansu da abin da ya fito da mutum daga gida, har suka ce mai saɓo ma ƙasaru zai yi. Hambalawa, a sanannen ra'ayinsu, sun lissafa fita shan iska da kallo a cikin tafiye-tafiyen da suka halatta, don haka suka ba ta rangwame. Shafi'awa ne suka fi tsanantawa, inda manyansu suka ce tafiya don ganin garuruwa kawai ba manufa ce ingantacciya ba, ko da yake wasu daga cikin na bayansu sun bambanta wannan da tafiyar wanda ya fita don ya kawar da ƙuncin zuciya, suka sassauta wa na biyun. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekarar 1111, ya keɓe wa ladubban tafiya littafi guda a cikin Ihya'u, ya raba ta zuwa ta zahiri da ake yi da ƙafa da ta baɗini da ake yi da zuciya, ya sanya kallon duwatsu da tekuna a cikin neman ilimi ga wanda yake da idon gani, sannan ya yi kakkausar suka ga wasu masu shigar sufaye na zamaninsa da suka mai da yawon garuruwa sana'a saboda lalaci.

Ra'ayin da ya fi ƙarfi, idan aka auna, shi ne tafiyar Kribi ba ta shiga lahawun da Halilu yake nufi ba. Mai farautar nishaɗi yana kashe rai a banza, mai kallon teku kuwa bai cutar da kowa da idonsa ba muddin ya tsare shi. Kuma wanda ya san yadda ake kwana a New Bell, da cunkoson gidaje, da zafi mai ɗanshi, da ƙarar baburan haya da ake kira bensikin, da ruwan sama da ke haura milimita 3,500 a shekara yana cika lunguna, ba zai ce yini guda a sararin da iska ke kaɗawa ba shi da amfani ba. Hadisi ya tabbatar wa jiki da iyali haƙƙi a kan mutum. Alƙur'ani ma bai tsaya ga amfanin halitta kawai ba, domin a Suratun Nahli, bayan ya ambaci abin da ake samu daga dabbobi na sutura da abinci, ya ƙara da kyawun da mai su yake gani lokacin da suke dawowa daga kiwo da lokacin da suke fita, kuma a surar ce aka ambaci teku da ɗanyen namanta da kayan adonta da jiragen da ke keta ta. A Suratul A'arafi kuwa an ƙalubalanci duk wanda ya haramta adon da Allah ya fitar wa bayinsa. Saboda haka masu wa'azin da ba sa yarda a kalli teku sai an fara cewa izina aka je ɗauka suna ɗora wa mutane nauyin da nassi bai ɗora ba, kuma abin da hakan yake haifarwa a aikace shi ne ƙaramin munafunci, inda wanda ya je cin gasasshen kifi zai dawo yana cewa tadabburi ya je yi. Matafiyin Kribi yana iya yin ƙasaru da zarar ya bar gine-ginen Duwala a baya, har sai in ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a can, wanda a Malikiyya yake yanke hukuncin tafiya.

Amma fiƙihun ƙasaru ya amsa rabin tambayar ne kawai, domin matafiyi yake dubawa, bai ce komai game da waɗanda aka je kallo ba.

A Kribi, inda kogin Kiyenke yake shiga teku, akwai matsayar masunta ta Mboa Manga, wadda kusan duk baƙo yake biyawa. Kwalekwale sukan shigo jere, an zana musu sunaye da launi, mata su taru da robobi ana ciniki da ƙarfi, baƙo ya zaɓi kifinsa ko jatan lande tun da ɗanyensa, ya miƙa wa mai gashi, a kawo masa shi da yaji da bobolo, wato rogon da aka jiƙa aka kirɓa aka naɗe a ganye aka dafa. Ta fuskar ci babu matsala ga Bamalike, domin mazhabarsa ta halatta dukkan abin da ke rayuwa a teku ba tare da yanka ba, saɓanin Hanafawa da suka taƙaita ga kifi. Abin da yake buƙatar lura shi ne teburin da zai zauna, tun da giya tana yawo a wurin kuma hadisi ya hana zama a teburin da ake shan ta, sai kuma runtse ido a bakin yashi. Waɗannan sanannu ne, kowane limami yana faɗar su. Wanda ba a cika faɗa ba shi ne cewa abin da ya burge baƙo har ya ɗaga waya, wato tsohon da ke zaune yana ɗinke ragarsa da ta yage, da kwalekwalen da aka yi wa faci da kwalta, da ɗakin katako mai rufin kwanon da ya yi tsatsa a ƙarƙashin kwakwa a ƙauyen Lonji da ke arewa da garin, kowannensu a wurin mai shi wahala ce da bashi da kasada. Ragar ta yage ne a aikin dare a kan ruwan da ba kowa ke dawowa daga cikinsa ba. Masuntan suna neman abinci ne a gaɓar da bututun man Cadi, mai tsawon kilomita 1,070 daga Doba, ya ƙare a cikinta tun 2003, kuma wadda aka buɗe wa babbar tashar jiragen ruwa mai zurfi a kudancin garin a 2018. Talaucin wani yakan yi kyau a hoto, kuma wannan shi ne haɗarin da ƙauyen masunta yake ɗauke da shi ga zuciyar mai kallo.

Abin ya fi muni a kogin Lobe, kilomita 7 ko 8 kudu da Kribi, inda ruwa yake faɗowa daga kan duwatsu kai tsaye cikin teku, abin da ba a cika samun irinsa a duniya ba. Kallon ruwan ba shi da aibu. Sai dai daga nan masu kwalekwale sukan yi wa baƙi tayin haurawa da su cikin daji zuwa sansanonin Bagyeli, mutanen kurmi da aka san su da gajarta, waɗanda sare daji da gonakin kamfanoni suka takure, domin a kalle su a ɗauki hotonsu a ba su 'yan kuɗi. Suratul Hujurati ta bayyana cewa an yi mutane dangogi da ƙabilu ne domin su san juna, kuma sanin juna abu ne da ke tafiya ta fuska biyu, kowa ya tambayi kowa, kowa ya ji sunan kowa. Ita ce kuma surar da ta hana wasu mutane yi wa wasu izgili. Ziyarar da ɓangare ɗaya yake kallo, ɗayan kuma ake kallonsa, ba ta cika wannan sharaɗi ba ko da an biya kuɗi, kuma Bahaushe, wanda shi ma ya sha nuna rawaninsa da dokinsa ga baƙi a hawan Sallah, ya kamata ya san bambancin wanda ya fito don a gan shi da wanda yunwa ta sa ya tsaya.

Birni mai ƙawa kuwa, mazaunin New Bell ba ya buƙatar shatar mota kafin ya gan shi, domin unguwar Bonanjo tana nan kusa, tafiyar 'yan mintuna, nisan da babu mazhabar da za ta yi maganar ƙasaru a kansa. A can tituna suna da faɗi, manyan bishiyoyi sun yi musu inuwa, ga ofishin gwamna da kotuna da bankuna, ga tsofaffin gine-ginen zamanin Jamus da na Faransa masu baranda, ga fadar sarakunan Duwala na gidan Bell da aka gina a 1905, wadda ake kira Pagod saboda rufinta mai hawa-hawa irin na gabashin Asiya. Haɗarin da ke nan ga zuciya sananne ne tun a ƙissar Ƙaruna, lokacin da ya fito cikin adonsa masu son duniya suka yi burin irin abin da aka ba shi, kuma a Suratu Ɗaha an hana miƙa ido ga abin da aka jiyar da wasu daɗi da shi. Wanda ya kalli gidajen Bonanjo ya koma ɗakinsa yana raina shi, ya yi asarar kuɗin tafiya da kwanciyar hankali gaba ɗaya. Amma akwai abin da ya fi hassada muhimmanci a wannan wuri, shi ne yadda aka yi ƙawar ta samu.

A ranar 12 ga Yulin 1884 sarakunan Duwala, Bell da Akwa, suka sa hannu a yarjejeniya da kamfanonin Jamus, wadda a cikinta aka bar musu ƙasar da suke zaune a kai da wadda suke nomawa. Daga 1910 gwamnatin mulkin mallaka ta shirya kwashe su daga bakin kogi, da hujjar kare Turawa daga zazzaɓin sauro, a mai da tudun Joss, wato Bonanjo ta yau, birnin Turawa zalla, a bar fili mai faɗin kilomita guda babu kowa a tsakani, sannan a zuba 'yan ƙasa a bayansa. Sabon matsugunin da aka yanka wa mutanen Bell a can baya, a ƙasa mai fadama, shi aka kira New Bell. Sarkinsu Rudolf Duala Manga Bell, wanda ya yi karatu a Jamus kuma ya san dokokinta, ya yi ta kai ƙara har majalisar dokokin Jamus yana kafa hujja da yarjejeniyar 1884, aka tuɓe shi, aka tuhume shi da cin amanar ƙasa, aka rataye shi tare da sakatarensa Ngoso Din a ranar 8 ga Agustan 1914. Kafin ƙarshen Satumbar wannan shekara sojojin Ingila da Faransa sun karɓe Duwala, Jamusawan da suka shata birnin don su dawwama a cikinsa ba su ko gama gina shi ba. Mafi yawan mutanen Bell ba su yarda sun zauna a wurin da aka tura su ba, sai ya zama unguwar baƙi, Hausawa da Bamileke da Basa da Ewondo da mutanen Najeriya da Dahome suka cika shi, kowace ƙabila da sarkinta. Faɗin titunan Bonanjo da matsin lungunan New Bell, a taƙaice, daga takarda guda suka fito.

A nan ne umarnin da ya maimaitu a Alƙur'ani na tafiya a bayan ƙasa don a duba ƙarshen waɗanda suka gabata yake samun wurin aiki na gaske, kuma a nan ne ake tuna abin da ya faru a Hijiri, mazaunin Samudawa, lokacin yaƙin Tabuka a shekara ta 9 bayan hijira, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana sahabbai shiga gidajen da aka sassaƙa a duwatsu sai suna masu kuka, ya rufe kansa ya gaggauta wucewa, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito. Hijirin nan shi ne Hukumar UNESCO ta sanya a jerin kayan tarihin duniya a 2008, kuma Saudiyya take tallata shi ga baƙi tun da ta buɗe bizar yawon buɗe ido a 2019, abin da ya sa mas'alar ta sake zama ta yau. Ba daidai ba ne a ja wannan hukunci kai tsaye a ɗora wa Bonanjo, domin Hijiri wuri ne da nassi ya ambaci saukar azaba a cikinsa, kuma babu mai ikon ƙara wa irin waɗannan wurare adadi da ra'ayinsa. Babu wanda aka wajabta wa kuka a gaban tsohon ofishin Bajamushe. Abin da za a iya ɗauka daga hadisin, ba tare da wuce iyaka ba, shi ne cewa tarihin wuri yana da iko a kan yadda za a kalle shi, kuma gwanintar sassaƙa ba ta isa ta sa a manta da abin da masu sassaƙar suka aikata ba. Lahawun da ya kamata a ji wa tsoro a Bonanjo shi ne tsayawa a ɗauki hoto a gaban Pagod ba tare da sanin cewa a bayanta kabarin mutumin da aka rataye saboda wannan ƙasa yake ba, inda 'yan ƙabilar Duwala suke taruwa kowace ranar 8 ga Agusta don tunawa da shi.

Kuma Bahaushen New Bell ba shi da damar tsayawa gefe kamar baƙon da jirgi ya sauke jiya, domin yana cikin labarin. Bai kori kowa ba, ba a kuma yi shawara da shi ba, amma filin da kakansa ya kafa bukka a kai, wanda daga baya aka yi masallaci da makarantar allo da rumfar tsire, fili ne da aka yanka a madadin ƙasar da aka ƙwace wa wasu, kuma an shafe shekaru masu yawa a zamanin Faransa ana jayayya tsakanin gidan Bell da gwamnati da baƙin da suka zauna a kan wane ne mai shi. Duk wanda ya karanta babin ƙwace a Risala ko Muktasar ya san cewa malamai ba su tsaya ga mai ƙwacen shi kaɗai ba, sun yi dogon bayani a kan wanda abin ya faɗo hannunsa daga baya, da bambancin wanda ya sani da wanda bai sani ba. Shekaru sama da ɗari da sauye-sauyen gwamnatoci sun sa ba a maganar mayarwa, kuma filin New Bell ba shi ne ainihin wanda aka ƙwace ba, don haka hukuncin babin bai hau kansa ba; abin da ya rage shi ne haƙƙin maƙwabtaka da mutanen da aka zauna a garinsu, waɗanda yawancin samarin unguwa suka fi sanin farashin kifi a Mboa Manga a kan sunan sarkinsu da aka rataye.